Taiba Ungozomar Awaki

Taiba ta girme ni da wata bakwai cur, amma idan kuka tambaye ta sai ta rantse ni na goya ta. Kada ku saurare ta. Uwarta ƙanwar babana ce, wato taubashiyata ce, don haka duk abin da na faɗa a kanta babu alƙalin da zai karɓi ƙararta daga nan Talata Mafara har Gusau. Bana shekararta hamsin da huɗu. Gajera ce, irin gajartar da idan ta tsaya bayan turmi sai ka ga taɓarya tana hawa da sauka ita kaɗai, ka yi a'uziyya. Hannuwanta kuma 'yan mitsi-mitsi kamar na 'yar shekara tara. Tun muna yara nake ce mata ranar rabon hannu ta makara, ta tarar na yara kawai ya rage.

Da waɗannan 'yan hannuwan ta riƙe gidan Malam Jibrin shekara talatin da 'yan kai. Shi manomin rani ne a Bakolori, shinkafa da albasa, kuma lokacin yankan shinkafa ita ke tuƙa tuwon 'yan aiki a wata tukunya da idan ta faɗa ciki sai an zura guga. Ta haifi shida, ta yaye shida, ta aurar da shida. Malam Jibrin ya rasu shekara biyar da suka wuce, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. Bayan shekara uku aka kai autarta Fatiha ɗakin miji a Bakura. Muka dawo daga kai amarya, 'yan biki suka watse, Taiba ta tsaya a tsakar gida tana waige-waige kamar wadda aka sauke a tashar da ba tata ba.

Sai 'ya'yanta maza suka zauna suka yanke mata hukuncin hutu. Gona aka ba ƙanen ubansu ya riƙa nomawa. Aka kawo mata tukunyar gas, aka kafa sola, aka ɗaura fanka, aka sayo wata kujera mai laushi wadda idan ta zauna a kai ƙafafunta suna lilo. Aka ce, “Inna, kin gama wahala, ki zamna ki huta.”

Jama'a, ban taɓa ganin abin da ya kusa kashe mutum kamar hutun nan ba. Shara sau biyar take yi a wuni, har tsakar gidan ta lotsa, ruwan farko da aka yi ya kwanta, kwaɗi suka tare da iyalansu. Ta zo gidana ta sake wanke tukwanen da na wanke, wai da saura. Tana kiran Fatiha a waya sau tara kafin la'asar: kin sa gishiri? kin rufe randa? Har mijin Fatiha ya koma idan ya ɗauki wayar, kafin ya ce ina kwana sai ya ce, “Inna, an sa gishiri.” Ta shiga Islamiyyar matan aure, wannan kam ta riƙe ta har yau, amma karatun awa biyu ne, wuni kuwa ba ya jin tausayi.

Wata rana muna gyaran zogale a gidana na tsokane ta, na ce Hajiya mai fanka. Ba ta rama ba. Taiba ta ƙi ramawa! Ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta ce, “Baraka, in na sallame sallar asuba sai in zamna bisa tabarma in rasa dalilin naɗe ta. Babu mai jirana. Ko kaza ba ta jirana.”

Na yi dariya don kada in yi kuka, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen rogo.

To, sai na gaya muku labarin Mas'ud, ɗanta na fari, in ba haka ba ba za ku gane sauran ba. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a Maradun ya girma, yanzu yana aikin gwamnati a Gusau. Taiba tana yi masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda matan yanzu suka ajiye. Ba ta faɗin sunansa, sai dai “wancan”. Ba ta haɗa ido da shi. Idan ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya ta fuskanci buta, ta amsa wa buta. Shekara talatin da biyar ana haka. Butar gidan nan ta sha gaisuwa fiye da hakimi. Idan tana da saƙo ni take ba, idan yana da tambaya ni yake yi wa. Ni ce wayarsu tun kafin a kawo waya ƙasar nan.

Kwana biyu bayan maganar zogale Mas'ud ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, sannan ya ce, “Inna Baraka, ya jikin Inna?”

Ni dai gaskiya na faɗa, sai dai na ɗan barbaɗa mata yaji don ta yi daɗin ji. Na ce uwarka ta rame, wuyanta ya koma kamar mariƙin ludayi. Na ce kaɗaici ya sa tana hira da fanka, fanka tana ba ta amsa. Na ce jiya na tarar tana share inuwa.

Ya ce, “Innalillahi.” Ranar Asabar sai ga shi a Mafara. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce ya yanke shawara zai gina mata ɗaki a gidansa na Gusau, da tayil, da bayi a ciki, idan an gama ya zo ya ɗauke ta ta zauna cikin jikokinta. Taiba ta dubi buta ta ce, “To.”

Yana fita ta juyo kaina da muciya. “Mi kinka ce mai?”

Na ce, “Ke kinka ce to! Da kin ce a'a mana.”

“Da wane baki? In dubi ɗan fari in ce mai a'a? Ke dai Baraka Allah shi shirye ki, tun kina ƙarama bakinki ya hi ki girma.”

Ta bi ni har zaure. Da ba don gajartar ƙafa ba da yau wani ne ke ba ku labarin nan.

Ana can ana aza bulo a Gusau, wata Laraba da hantsi Taiba ta shiga gidan maƙwabciyarta Hafiza, wai aron rariya, alhali tana da guda uku. Ta tarar da gidan a hargitse. Jar akuyar Hafiza ce ke naƙuda tun asuba, ƙafa ɗaya ta leƙo ta tsaya, akuya ta gaji har kukanta ya dishe. Hafiza tana share hawaye da bakin zane, don akuyar nan ita ce duk abin da ta mallaka, da 'ya'yanta take sa ran haɗa kayan ɗakin ɗiyarta. Mijinta Lawali yana gefe yana wasa wuƙa a dutse, yana so ya yanka kafin ta zama mushe.

Taiba ta ce, “Lawali, aje wuƙag ga.”

Ya ce, “Inna Taiba, ta gama. Bari mu tsira da ko nama.”

“Na ce ka aje. Hafiza, ruwan ɗumi, da sabulu, da man gyaɗa. Maza!”

Ashe tun muna yara, lokacin da ake kai mu hutu Kaya wurin kakarmu Ummulkhairi mai garken awaki, tsohuwar ta lura da 'yan hannuwan nan. Duk akuyar da haihuwa ta gardame mata sai ta kira Taiba ta nuna mata yadda ake yi. Ni ban sani ba, ina bisa tsamiya. Shekara arba'in abin yana kwance a hannunta, ita kanta ta manta.

Ta cire awarwaro, ta yanke farce da reza, ta wanke hannu har gwiwa, ta shafe shi da mai, ta yi bisimilla. Ta tura ɗan ya koma ciki a hankali, ta lalubo ɗaya ƙafar da ta naɗe baya, ta miƙar da ita, ta haɗa ƙafafu biyu da kai wuri guda. Sannan ta jira. Sai akuya ta yi nishi take ja, ƙasa-ƙasa, idan ta huta ita ma ta huta. Ɗa ya faɗo kamar jiƙaƙƙen tsumma, babu motsi. Ta share masa majina daga hanci, ta riƙe ƙafafunsa na baya ta girgiza, ta goge shi da tsumman buhu kamar mai wanke tukunya. Ya yi atishawa. Hafiza ta rangaɗa guɗa, Lawali ya saki wuƙa ta kusa sauka a babban yatsansa. Na biyun da ya ga an buɗe hanya shi ya fito da kansa, ko sallama babu.

Da azahar sai ga Taiba a gidana, kallabi a karkace, tana wari kamar turken bunsuru bakwai, tana dariya tun daga zaure.

“Baraka! Biyu! Namiji da macce!”

Na ce, “Wa ya haihu?”

“Akuya!”

Ta kama ni muka yi ta juyi a tsakar gida, tsofaffi biyu, kaji suna gudu. Ta zauna ta cinye tuwona da na ajiye na dare, ta ce ko da ƙari.

Hafiza kuwa baki gare ta kusan kamar nawa. Ranar Talata ta kai labarin kasuwa, kafin a tashi kasuwa ya hau motoci ya tafi ƙauyuka. Aka fara zuwa daga unguwa, sannan daga Morai, sannan Bakura, sannan Jangebe da Maradun. Taiba ta kakkaɓe tsohuwar jakar da Malam Jibrin ke zuba irin albasa, ta zuba sabulu, da kwalbar man gyaɗa, da reza, da tsumma, da kanwa. Matar da a da idan za ta hau babur sai an yi mata addu'a an riƙe mata hannu, yanzu kafin ɗan kabu-kabu ya gama tsayawa ta ɗare, tana cewa, “Tahi, tahi, hwaya ta hwashe tun ɗazu!” Idan ta gama sai ta sa a ba uwar ruwan ɗumi da dusa da 'yar kanwa, ta tsaya sai ta ga ɗan ya kama nono ya sha dakashi, sannan ta wanke hannu.

Ba ta yanka wa kowa lada. Wata ta ba ta albasa, wata ƙwan zabi, wata daddawa, wata godiya kawai, duk ɗaya ne gare ta. Gidana ma ya ga alheri, don abin ya fi ƙarfin cikinta. Mata suka sa mata Ungozomar Awaki, kuma duk 'yar akuyar da ta ciro sai a raɗa mata sunanta. Yanzu idan ka tsaya a hanyar Bakura ka ƙwala “Taiba!” awaki ɗari biyu za su waiwayo, har da bunsuru guda da aka yi kuskure.

Ba kullum ake guɗa ba. Akwai wata tunkiya a Kaya da aka makara kiranta, ɗan ya riga ya mutu a ciki, uwar ma ta bi shi a gabanta. Ta dawo ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Rana ta uku ta yafa mayafi ta tafi ofishin malamin dabbobi, ta zauna ta yi ta jero masa tambayoyi har bawan Allah ya manta da abincin rana. Ya nuna mata haihuwar da za ta iya da wadda dole a kawo masa da gaggawa, ya ba ta safar hannu ta roba wadda ke kai wa mutane kafaɗa, ita kuwa har kunne. A wurinsa ta ji yadda leda ke taruwa a cikin dabba ta kashe ta, daga ranar ta ɗaura yaƙi da leda. Idan ka yar da ledar ƙosai a gabanta, gara ka zagi kakanta.

Ta yi ƙiba. Ta daina kiran Fatiha, har sai da Fatiha ta kira ni tana kuka wai Inna ta yi fushi da ita. Tsakar gida ta huta da tsintsiya. Idan na je da safe sai in tarar tabarma a naɗe, jaka ba ta kan ƙusa.

Amma bulo bai daina hawa a Gusau ba. Wata rana ta ce, “Baraka, ki kira wancan, ki gaya mai na samu abin yi. Ki hwaɗa mai daidai. Kar ki ƙara ko ƙwayar gero.”

Na rantse ban ƙara ba. To, kaɗan. Na ce uwarka ta warke sarai, yanzu ita ke karɓar haihuwar awaki daga Mafara har Maradun, ta ciro sun fi dubu, tana hawan babur kamar soja, hannunta cikin akuya tun safe har yamma, kuma akwai bunsuru mai sunanta.

Sai ya ce a hankali, “Inna Baraka, abin har ya kai haka?”

Na ce, “Wallahi ya wuce haka!”

Washegari ya ƙara magina biyu.

Ranar da zai zo ɗaukarta Asabar ce, bayan ƙaramar salla da mako biyu. Taiba da kanta ta ɗaure kayanta, ba ta ce da kowa komai ba. Na zo rakiya na tarar da ƙofar gida cike da mata kamar gidan rasuwa, wasu har da awakinsu a igiya, wai a duba musu ciki na ƙarshe. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana latsawa. “Wagga sai bayan sati ukku, biyu ne ciki. Wagga ba ciki ba ne, leda ce, ki kai ta ga malam.” Hafiza tana kuka da majina.

Mas'ud ya iso da hantsi cikin farar shadda, guga ta tsaya kamar kwano, ƙamshin turare har maƙwabta. Ya ga awaki ya ga mata, ya dube ni, na dubi sama. Aka loda kaya a but ɗin mota. Taiba ta shiga baya ta zauna, ta juya fuskarta ga gilashi, na shiga kusa da ita. Jakar albasa tana bisa cinyarta, ta ƙi yarda a sa ta a but.

Ba mu kai bakin titi ba wayarta ta yi kuka. Wata Zuwaira ce daga Morai, muryarta har gaban mota. Tunkiyarta ce, babbar balama, tun asuba take fama, kai ya fito ƙafafu sun ƙi, maza duk suna fadama. Taiba ta saurara, ta ce “To,” ta kashe. Ta murza igiyar jaka da yatsunta. Sannan ta ce, “Baraka, ki ce ma direba ko za a ratsa Morai.”

Na ce, “Direba, ka jiya.”

Mas'ud ne ke tuƙi. Ɗan fari ma yana da tasa kunyar. Ya juya kan mota.

Garken Zuwaira yana bayan zaure. Tunkiyar tana kwance, ƙatuwa kamar maraƙi, fara sol, tana buga kai da ƙasa. Taiba tana sauka ta zama wata mace daban. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta zura safar hannu, ta shiga ba da umarni kamar mai gari. Ni da Zuwaira muka kama tunkiya, ta yi mana girgiza ɗaya muka zube. Sai Taiba ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, “Baraka, ce ma wancan shi riƙe mani kai.”

Mas'ud ya dubi shaddarsa, ya dubi ƙasan garke, inda tumaki suka shekara suna ajiye abin da suke ajiyewa. Ya durƙusa. Ya rungume wuyan tunkiya.

Taiba ta shafa mai ta fara aiki, kuma kamar yadda ta saba, ta fara lallashin mai naƙuda. “Yi haƙuri, ɗiyata. Sannu. Kin yi sa'a, ke ce ta ƙarshe. Daga ke sai a kai ni inda anka shimfiɗa tayil a girke ni kamar tulu.” Ta tura kan ɗan ya koma ciki. “Ke dai kin ji daɗi, tunkiya. Kowa ya san amfaninki. Ni shekara guda na yi ban san mi ni ka yi cikin duniya ba, har Allah ya tuna mani da hannuna. Yanzu kullum akwai mai jirana. To an ce in bari.”

Zuwaira ta dube ni, na ɗora yatsa a baki. Sai Mas'ud ya sunkuya daidai kunnen tunkiya.

“Tunkiya,” ya ce, “ki ce mata hanyoyin ga ba su da lahiya. Kullum aka ce wani abu ya hwaru wajen Maradun sai gabana shi hwaɗi. Yanzu kuma na ji tana yawo bisa babur.”

Taiba ba ta ɗago ba. Hannunta yana ciki har gwiwa. “Tunkiya, ki ce mai ban taɓa kai la'asar a waje ba. Kuma in anka ce hanya ba kyau ba ni hita. Ni ba yarinya ba ce.”

“Ki ce mata an gaya mani tana hira da fanka.”

“Ki ce mai shi dubi wadda ta gaya mai.”

Su uku suka waiwayo suka dube ni, har da tunkiyar. Na ce ni ruwan ɗumi zan ɗebo, amma ban motsa ba, wa zai bar wannan?

Taiba ta kamo ƙafa ɗaya, ta miƙar. Tunkiya ta yi wani nishi ta watsa wa farar shadda abin da ba zan rubuta ba. Mas'ud bai ko duba ba. Ya ƙara matse wuyanta, muryarsa ta yi ƙasa.

“Ki ce mata ba don hutu kaɗai ba ne. Tun da anka yaye ni ban taɓa kwana bakwai gida ɗaya da ita ba. Ƙannena duk sun san tuwonta. Ni so ni kai in tashi da sahe in san tana nan.”

Hannun Taiba ya tsaya cak. Na san ta shekara hamsin da 'yan kai, ban taɓa ganin hannunta ya tsaya a tsakiyar aiki ba. Ta goge ido da kafaɗa, ta ce wai man gyaɗa ne ya shiga. Sannan ta lalubo ƙafa ta biyu, ta jira nishi, ta ja. Ɗan rago ya sulluɓo, ƙato, kunnuwa kamar faifai. Ta share masa hanci, ta miƙa tsumman buhu ta gefe ba ta duba ba, Mas'ud ya karɓa ya shiga goge shi da dukan ƙarfinsa. Ɗan rago ya yi atishawa a fuskarsa. Zuwaira ta saki guɗa, ni na saki wadda ta fi tata, ma'aikacin gwamnati yana dariya kamar yaro, yana cewa, “Ya yi rai! Wallahi ya yi rai!”

Taiba ta zare safar hannu ta ce, “Tunkiya, ki ce mai duk wata zan zo in yi kwana bakwai. In tuƙa mai tuwo da hannuna, ba na gas ba. Amma in koma ga aikina.”

“Ki ce mata goma.”

“Ki ce mai awaki ba su san goma ba.”

Daidai nan tunkiya ta gaji da aikin da ba nata ba. Ta miƙe, ta girgije, ta juya musu baya ta shiga lasar ɗanta. Sai ga uwa da ɗa a durƙushe suna fuskantar juna, babu komai a tsakani. Taiba ta waiga neman wata dabbar, tumaki duk sun koma lungu. Ta waiga nemana, na kama Zuwaira muka juya baya muna duban katanga kamar ba mu taɓa ganin laka ba.

Na leƙa ta gefen mayafi, don wuyana ba ya jure irin wannan. Ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse, tana murza bakin zane. Sannan ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido, kamar ƙiftawa biyu.

“Takwas,” ta ce.

Ya ce, “To, Inna.”

Muka koma Mafara gilashi a sauke, don warin da ke cikin motar nan ya isa ya tsayar da agogo. Mata ba su watse ba. Da suka ga ana sauke kaya daga but unguwa ta ɗauki guɗa, awaki suka taya. Mas'ud yana ta shiga da fita da ƙullin kaya a ka, shadda ta koma kalar kunun kanwa, Lawali yana yi masa sannu da aiki yana toshe hanci. Ita kuwa ko ɗaki ba ta shiga ba. Wata tsohuwa daga Jangebe ta sha gabanta da baƙar akuya mai ciki kamar ganga, Taiba ta durƙusa a ƙofar gida ta latsa nan, ta latsa can, ta kara kunne.

“Ukku ne,” ta ce. “Kuma yau za su zo. Baraka, daina washe baki ki aza mani ruwa.”